Yadda Za Ka Gyara Harshen Aiki Kafin Ya Ci Maka Jari

Shekara shida ke nan ina riƙe da sito a wani ƙaramin kamfanin casar shinkafa a Birnin Kebbi. Tun da aka ƙaddamar da shirin Babban Banki na bai wa manoma rance a garin nan cikin Nuwamba 2015, injuna suka yawaita, daga manya irin Labana da WACOT na Argungu har zuwa irin namu. Kowa yana lissafin dizal da kuɗin wuta, amma ba a cika lissafin asarar da rashin fahimtar magana ke jawowa ba. Ni kuwa na ga buhunan da ta ci.

Fara da umarnin aiki. Wata kaka an liƙa takarda da Turanci a bakin sikeli, cewa kada a karɓi shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, in danshinta ya wuce kashi 14 cikin ɗari. Yaron sikeli ya duba ya ce "to". Shi kuwa "to" ɗin Bahaushe sau da yawa ladabi ne kawai. Bayan mako biyu na zura hannu cikin wani buhu a ƙasan jibga, na ji ɗumi, warin fumfuna ya daki hancina. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin yaron ba shi da ha'inci, kunyar tambaya ce ta hana shi. Saboda haka ka faɗi umarni da Hausa, sannan ka ce, "Maimaita mini abin da za ka yi." In aikin na gobe ne, tura saƙon murya ta WhatsApp, kada ka tura rubutu. Allon sito kuma a rubuta shi da boko da ajami, don masu dako da yawa makarantar allo suka yi.

Sai kalmomin awo da kuɗi, inda rigima ta fi yawa. "Buhu" ba awo ba ne: na manomi daban, na dillali mai toliya daban. Ku tsayar da kilo, kowa ya riƙa faɗinsa. In kana ciniki da mutanen Kamba ko baƙi daga Gaya ta Nijar, ka kula sosai. A bakin dattijo na nan gida Najeriya jikka naira 200 ce, a bakin mai sefa kuwa jikka sefa 1,000 ce, dala kuma sefa 5. Kada a tafa hannu sai an ambaci sunan kuɗin, an kuma rubuta adadin a rasit.

Ka san harsunan da ke cikin ma'aikatanka. Muna da Bazabarme mai gadi, da muka gane amfaninsa sai muka mayar da shi wajen saye. Manomi yana jin an gaishe shi da harshen uwarsa, sai ya saki jiki ya faɗi gaskiyar kwana nawa shinkafarsa ta yi a shanya.

Turanci yana da wurinsa: takardun banki, na NAFDAC, da abokan ciniki na Legas. Amma taron safe a yi shi da Hausa. Bakaniken da ya ji ƙarar injin ta canza ba zai buɗe baki ba in sai ya nemo Turanci tukuna. Kuma ka ja kunnen matasan ofis, kada wani ya yi wa sa'an ubansa tsawa da Turanci a gaban jama'a. "Baba, don Allah a sake ɗinke bakin buhun nan" ya isa.

Gobe da safe ka tsaya bakin sikeli, ka tambayi mutum uku abin da takardar da ke bango ta ce. Amsar da suka ba ka za ta nuna maka takardar da za ka fara sake rubutawa.