Yadda za ki adana kayan tarihi da kika gada a Yamai

Wadda ta gaji gida cike da tsofaffin kaya, azurfar Buzaye, manyan riguna masu aska takwas, littattafan ajami da zane-zanen bango, abu na farko da ke gabanta shi ne rubutu. Tun kafin a raba gado, ki ba kowane abu lamba, ki ɗauki hotonsa gaba da baya, ki auna tsawo da faɗi da santimita, azurfa kuma ki auna nauyinta da giram. Ki zauna da tsofaffin gida su faɗa miki daga ina abin ya zo da wanda ya ƙera shi. Kayan da aka san asalinsa ya fi daraja nesa ba kusa ba. A rubuta lambar a ƴar takarda a ɗaura da zare, kada a rubuta a jikin kayan.

Sai ɗakin ajiya. Matsalar Yamai ita ce sauyin yanayi: hunturu na busar da fata da itace har su tsage, bazara zafi ya haura digiri 40, damina ta kawo laima da funfuna. Abin da ake so laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, kuma ana sayar da ƙaramin ma'auninta. Na'urar sanyaya ɗaki da ake kunnawa ana kashewa ta fi ɓarna idan aka kwatanta da ɗaki na tsakiyar gida mai kaurin bango da rana ba ta dukansa. A ɗaga komai santimita 15 daga ƙasa, a janye daga bango, saboda gara da ruwa. Mazauna bakin kogi ba su manta ambaliyar 2020 ba.

Yawancin ɓarna daga ƙauna take fitowa. Ana shafa wa tsohuwar gafaka man kaɗe don ta yi laushi, man ya yi tsami, ya kama ƙura, ya jawo ƙwari. Buroshi mai laushi ya isa. Ana goge azurfa da toka ko man goge haƙora, zanen maƙeri ya shafe a hankali. Ƙyallen auduga kawai take so, kuma a nisanta ta da roba mai talewa, don ita ke sa ta baƙi. Rigar shuni a naɗe ta a kan bututu da farin yadi a tsakani, domin zare yana karyewa a layin ninki. Littafi kuwa kada a manna masa salatif, kada a liƙe shi cikin leda da na'ura mai zafi, kuma kada a rikita jerin warƙoƙinsa. In ya lalace, sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na IRSH, cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta jami'ar Yamai, shi ne wurin neman shawara.

In kin ga garin itace a ƙarƙashin kaya, ƙwaro na ciki. Tufafin da ƙwari suka shiga a ƙulle su cikin leda a sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri har mako biyu, a bari sanyin ya sake su kwana guda kafin a buɗe. Zanen fenti ba ya jure wannan.

In za ki ƙara saye, ki guji gumakan yumɓu na Bura, wani tsohon wurin tarihi a yammacin Nijar. Yawancinsu haƙo su aka yi ta ɓarauniyar hanya, kuma suna cikin jerin kayan Afirka da aka yi kashedi a kan cinikinsu. Maƙera da dukawan da ke aiki a gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe a 1959, suna sayar da aikin hannunsu. Ki karɓi rasiɗi da sunan mai aikin, ki haɗa da lambar kayan.