Kafa nod ɗin Bitcoin a gida a Yamai: giga, kuran da zafi

Nod kwamfuta ce da ke riƙe da kundin Bitcoin tana tantance shi da kanta. Kundin jerin bulo ne, wato ƙunshin cinikayya ɗaya bayan ɗaya, tun daga na farko na ranar 3 ga Janairun 2009. Kowane sabon ciniki sai ta duba: sa hannun mai kuɗin daidai yake? An taɓa kashe wannan kuɗin a baya? An ƙirƙiro abin da ya wuce ƙa'idar miliyan 21? Mai nod ba ya jiran shafin wani ya ce masa kuɗinsa sun shigo. Amfaninta ke nan. Ba ta biyan ko dala. Lada na masu haƙa ne, wato masu samar da sababbin bulo da injinansu na musamman, Bitcoin 3.125 a kowane bulo tun Afrilun 2024. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya kafa maka nod mai ba da riba kowane wata, ɗan damfara ne.

Saka manhajar aikin minti goma ne. Abin da ke kayar da mutane a Yamai shi ne intanet da kuran.

Kundin ya haura giga 600, kuma dole nod ta sauke shi duka a karon farko. Akwai tsarin datsewa, inda take goge tsofaffin bulo bayan ta tantance su, har ta zauna cikin giga 15 zuwa 20. Sabbin shiga kan zaci datsewa na rage abin da za a sauke. Ba ta ragewa, wurin ajiya kawai take ragewa. Don haka ka ɗauki farashin forfe ɗin giga a layinka, Airtel ne ko Moov ko Zamani, ka lissafa na giga 600, ka ga jikka nawa ke nan. Yawanci daga nan mutum zai gane cewa saukin farko sai a layin da ba a ƙirga masa giga: fiba ta ofis da izinin mai wurin, ko Starlink. Bayan nod ta kamo zamani, nauyin ya sauka. Bulo ɗaya ke fitowa kusan kowane minti 10, wajen 144 a rana, kowanne bai cika wuce mega 2 ba.

In kana da aboki mai cikakkiyar nod, akwai hanyar tsallake saukin. Ya rufe manhajarsa, ka kwafi jakar blocks gaba ɗayanta a faifai, har da ɗan fayil ɗin xor.dat da ke ciki, don in babu shi sababbin sigogi ba sa iya karanta bulo. Ka tayar da taka da umarnin -reindex, ta tantance komai da kanta. Kar ka kwafi jakar chainstate, inda nod ke ajiye lissafin kuɗin da ba a kashe ba, domin yin haka yarda ce da lissafin wani, abin da aka kafa nod don a guje masa. Jakar wallets kuwa kar ma ya bari ta fita daga kwamfutarsa.

Kayan aiki: kwamfutar hannu ta fi ta tebur, ko da ta hannu biyu ce, saboda batirinta na riƙe ta in kuran ya ɗauke. A gwada batirin kafin a saya, a cire caja a ga ko zai kai awa biyu. RAM giga 8 ya isa. Faifan ya zama SSD. Mai juyawa irin na da yana mai da aikin kwanaki ya zama na makonni, don nod tana yawan tsalle tana neman ƙananan bayanai a wurare dabam-dabam. Mai son cikakken kundi ya sayi tera 2, tera 1 ta kusa cika. Mai datsewa, giga 256 na cikin kwamfutar ya wadatar. Akwatin wifi ma ya samu ɗan batirinsa, amma wannan ba tilas ba ne: yankewar intanet ba ta ɓata komai, nod tana ci gaba daga inda ta tsaya.

Manhajar ita ce Bitcoin Core, daga bitcoincore.org kaɗai. Ka rubuta adireshin da hannunka, kar ka bi wanda aka turo a WhatsApp ko Telegram. Tare da ita ka sauke fayil ɗin SHA256SUMS, wanda da shi ake tabbatar da cewa manhajar ta asali ce. A Windows ka buɗe tagar umarni a jakar da fayil ɗin yake, ka rubuta certUtil -hashfile, sai sunan fayil ɗin, sai SHA256. Jerin haruffa da lambobi 64 zai fito. Ka gwada shi da wanda ke gaban sunan fayil ɗinka a cikin SHA256SUMS. Harafi ɗaya ya saɓa, goge ka sake saukewa.

Buɗewar farko za ta tambaye ka inda za ta ajiye kundi, da ko kana son datsewa. Ka zaɓi SSD ɗin. Daga nan ka shiga saituna ka buɗe fayil ɗin bitcoin.conf, kowane umarni a layinsa:

prune=10000
dbcache=2000
listen=0
blocksonly=1

Na farko yana barin bulo na kusan giga 10, mafi ƙanƙantar abin da manhajar ke karɓa 550 ne. Mai cikakken kundi ya tsallake wannan layin. Na biyu yana ba ta RAM mega 2000 don saukin farko ya yi sauri, a rage shi in an gama. Na uku yana hana wasu nod shigowa su ja bayanai daga gare ka. Na huɗu yana sa ta karɓi bulo kawai, ban da cinikin da ke jiran shiga, kuma shi ne ke rage cin giga sosai. Illarsa ita ce nod ɗinka ba za ta iya ƙiyasta kuɗin aikawa ba, kuma ba za ka ga kuɗi na tafe ba sai sun shiga bulo. Ka rufe manhajar ka sake buɗewa don su kama aiki.

Sai kwamfutar kanta. A hana ta barci, a saita cewa rufe murfi ba ya kashe ta. A duba agogo da yankin lokaci: Nijar tana gaban GMT da awa ɗaya. Nod tana ƙin bulon da lokacinsa ya wuce agogonta da fiye da awa 2, don haka kwamfutar da agogonta ya koma baya sai ta tsaya cak, kai kuma kana ta zargin layi.

Zafi ba abin rainawa ba ne. Saukin farko yana sa injin aiki ba hutu, a watan Afrilu da Mayu kuma ɗaki a Yamai yana iya haura digiri 40. Kwamfuta in ta yi zafi tana rage gudu, in ya yi yawa ta mutu da kanta. A ɗora ta a kan bulon gini biyu ko marfin kwalba huɗu iska ta bi ta ƙasa, kar a sa ta a katifa ko darduma, a juya mata fanka. Lokacin hunturu ƙura ke toshe ramukan iska, a riƙa hure su.

Shekarun farko na kundin za su wuce kamar walƙiya don bulonsu kusan fanko ne. Daga wajen 2017 sai tafiya ta yi nauyi, adadin kwanakin da take nuna sun rage ya yi ta canzawa. Ba lalacewa ba ce.

Babbar ɓarna ita ce mutuwar kwamfuta tana tsakiyar rubutu a faifai. Sau da yawa nod takan farfaɗo, ta maimaita aikin da bai kai ga faifai ba. Wani lokaci kuma ta ce ma'ajiyarta ta lalace. Mai cikakken kundi ya sa -reindex-chainstate ya jira, ba ya sake sauke komai. Mai datsewa ba shi da tsofaffin bulo a hannu, gyaransa shi ne sauke giga 600 ɗin daga farko. Saboda haka in batiri ya kusa ƙarewa kuran bai dawo ba, a rufe manhajar ta hanyarta, a jira ƙaramar tagar da ke cewa tana rufewa ta ɓace. Tana iya ɗaukar mintuna, musamman in dbcache babba ne. In faifan na waje ne, a ɗaure wayarsa inda yara ba za su fizge ta ba. Da zarar saukin farko ya ƙare, mai datsewa ya rufe manhajar ya kwafi jakar bayanan duka a wani faifai. Ranar tsautsayi daga nan zai tashi.

Don sanin ko an gama, a buɗe tagar umarni ta cikin manhajar a rubuta getblockchaininfo. In initialblockdownload ya nuna false, lambar blocks kuma ta yi daidai da ta headers, an iso. Bulo na 900,000 an wuce shi tun Yunin 2025. Umarnin getconnectioncount zai nuna wajen 10, su ne abokan da nod ɗinka ta nema da kanta. Kar ka wahalar da kanka da buɗe ƙofa ta 8333, wadda wasu nod ke bi su shigo: layukan waya galibi suna haɗa masu amfani da yawa a adireshi ɗaya, ba mai iya shigowa daga waje, kuma nod ɗinka tana tantancewa daidai ba tare da hakan ba.

In za ka haɗa walat, wato manhajar ajiya da aika Bitcoin, irin Sparrow, ƙara server=1 a fayil ɗin saituna. Nod mai datsewa ba ta iya nemo cinikin da ya girmi bulon da ta ajiye, don haka tsohon walat ba zai nuna tarihinsa ba, sabo ne ke tafiya da ita. Walat ɗin Bitcoin Core kansa ba ya ba da kalmomi 12 ko 24 da ake maido da walat da su, ajiyarsa fayil ne mai suna wallet.dat. A sa masa kalmar sirri, a kwafe shi a kile biyu, ɗaya a ajiye a wani gida.