Yadda Ake Daidaita Lokaci da Rage Cin Wuta a Da'irar DPC

Da'irar lantarki da injiniyoyi ke kira DPC (digital-to-phase converter) aikinta ɗaya ne: a ba ta lamba, ita kuma ta matsar da bugun agogo, wato siginar da ke bugawa a kai a kai domin tsara lokaci a da'ira, gaba ko baya daidai da wannan lambar. Ita ce ke zaɓar lokacin da za a karanta kowane bit a hanyoyin sadarwa masu sauri irin su PCI Express, mai haɗa sassan cikin kwamfuta. Kuskuren da na fi gani wurin ɗalibai da matasan injiniyoyi a nan Abuja shi ne, da zarar lokaci ya kauce sai su ƙara wa da'irar wuta, alhali kuwa kaucewar iri biyu ce, kuma ɗaya ce kawai wuta ke magancewa.

A fara da lissafi kafin a zana komai. Agogo mai gigahaz 2.5 yana kammala zagaye ɗaya cikin fikosakan 400 (fikosakan kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na sakan), idan kuma lambar bit 7 ce, an raba zagayen gida 128, kowane taki ya zama fikosakan 3.125. Wannan shi ne ma'aunin da za a riƙa gwada kowane kuskure da shi. Domin a gane ƙanƙantarsa, saƙo a kan allon FR4, irin allon da aka saba jera da'irori a kai, yakan ɗauki kimanin fikosakan 6 kafin ya ƙetare milimita ɗaya, wato idan wata waya ta fi 'yar'uwarta tsawo da milimita ɗaya tak, an yi asarar kusan taki biyu tun ba a kunna komai ba.

Kuskure na farko shi ne mai zama daram, wanda kullum yake maimaituwa a lamba ɗaya, kuma da INL (kaucewar kowace lamba daga inda ya kamata ta faɗa) da DNL (kaucewar girman kowane taki) ake auna shi. Galibin waɗannan da'irori suna gauraya agogo biyu masu tazarar digiri 90 ne, suna ba kowanne nauyi gwargwadon lambar. Idan siginonin masu lanƙwasar sayin ne (sine, mai hawa da sauka a hankali kamar igiyar ruwa) kuma nauyin yana ƙaruwa kai tsaye, kusurwar da ke fitowa ba ta tafiya a miƙe: a rubu'in hanya, inda ake sa ran digiri 22.5, abin da ake samu digiri 18.4 ne. Gibin digiri 4 ɗin nan ya kai fikosakan 4.5 a misalinmu, ya zarce taki guda. Ko an ninka wuta sau goma ba zai gushe ba, domin daga lissafin kansa ya fito. Magani biyu ne. Ko dai a samar da agogo takwas masu tazarar digiri 45, wanda ke sauko da gibin ƙasa da rabin digiri amma yana ƙara wayoyin da za a ciyar da wuta, ko kuma a ajiye ɗan jadawali a ɓangaren dijital wanda zai gyara lambar kafin ta isa wurin gaurayawa. Ni na fi karkata ga jadawalin a duk inda lambar ba ta sauyawa da sauri, saboda kusan kyauta ne ta fuskar wuta, sai dai yana buƙatar a tanadi bit ɗaya ko biyu na ƙari domin gyaran ya sami wurin motsi.

Haka nan tiranzistoci biyu da aka zana iri ɗaya ba sa fitowa iri ɗaya daga masana'anta. Ƙa'idar da Pelgrom ya wallafa a 1989 ta nuna cewa rage wannan bambanci da rabi yana buƙatar ninka faɗin tiranzista sau huɗu, faɗi kuwa nauyin lantarki ne (capacitance) da dole a caja a kowane bugu. Saboda haka kada a kumbura su fiye da kima. A auna, a gyara da jadawali. A kuma kula da wurin da lamba ke tsallakawa daga 0111 zuwa 1000, inda duk makunnan ke juyawa lokaci guda. A sa manyan bit su riƙa kunna raka'a ɗaya bayan ɗaya, a bar ƙananan a tsarin binari.

Kuskure na biyu shi ne karkarwar bugu, wadda ba ta da tsari, kuma a nan ne ƙara wuta ke da hujja. Girman karkarwa shi ne hayaniyar lantarki a raba da kaifin tashin bugun, don haka bugu mai tashi a hankali ya fi karkarwa. Matsalar ita ce gaurayawa tana son bugu mai gangara a hankali. Abin yi shi ne a sassauta gangaren a wurin gaurayawa kaɗai, gwargwadon tazarar agogon biyu, sannan a kaifafa shi nan take a matakin da ke biye.

Wutar da da'irar CMOS (tsarin da galibi a lokacin juyawar sigina yake jan wuta) ke ci tana bin nauyin da ake cajawa, da saurin agogo, da bolt sau bolt. Saukowa daga bolt 1.2 zuwa 0.9 yana rage kusan kashi 44 cikin ɗari, amma yana dusashe kaifin bugu, don haka a sauko a hankali ana duban karkarwa. Ɗaya tsarin gina da'ira, wato CML, yana jan wuta ko ana aiki ko ba a yi, amma ya fi jure hayaniyar layin wuta. Wanda ya zaɓi CMOS domin tsimi, wajibi ne ya ba da'irar nata LDO, wato mai daidaita bolt, da kafasitoci a kusa da ita. A kashe duk agogon da lambar yanzu ba ta amfani da shi.

Ana iya gwada duk wannan a kwamfuta ba tare da sayen lasisi ba, da manhajojin ngspice (ta gwajin da'ira) da Xschem (ta zana da'ira) da bayanan masana'antar SkyWater na nanomita 130 da aka buɗe wa kowa a 2020. A gwada daga digiri 40 ƙasa da sifili zuwa 125 na zafi, a bi lambobin 128 ɗaya bayan ɗaya. Ranar awo a kan tebur kuwa, a bar na'urori su yi ɗumi na rabin sa'a, a ciyar da allon daga batir. Na taɓa ɓata yini guda cikin zafin watan Maris ina neman laifi a zanena, ashe an ɗauke wuta ne an tayar da janareta, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, jadawalin da na cika da safe ya daina dacewa da allon da ya yi zafi da rana. Tun daga ranar nake rubuta zafin ɗaki da tushen wuta a gefen kowane awo.