Fantasin Besbol na Kullum: Fara da Mai Jifa, Sannan Ka Ɗaure Daminka

Duk wanda ya taɓa haɗa 'yan wasa a fantasin Firimiya, irin wanda samarin Samaru da Kongo ke musu a kai a teburin mai shayi, ya riga ya san rabin wannan wasan. Ana ba ka kuɗin takarda, ka sayi 'yan wasa na gaske, abin da suka yi a fili ya zama makinka. Bambancin besbol shi ne komai na kwana ɗaya ne. Gasar MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, tana da ƙungiyoyi 30, kowacce na buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, har akan sami daren da ake buga wasa 15. Jerin da ka haɗa yau ba ya kwana.

Gasannin kuɗi na DraftKings da FanDuel, kamfanonin fantasi na Amurka, a rufe suke ga wanda ke Najeriya, kuma zuba kuɗi don a ci na ɗan'uwa caca ce, ba ita muke koyarwa ba. Ma'auninsu kawai muke aro, wato farashin 'yan wasa da tsarin maki. Abokai biyar ko goma a zauren WhatsApp, kowa ya tura jerinsa kafin a fara, mutum ɗaya ya yi lissafi da safe, ya wadatar.

A tsarin DraftKings kana da dala 50,000 da gurbi 10: masu jifa biyu, masu bugu takwas. A FanDuel dala 35,000 ne da gurbi 9, mai jifa ɗaya tak. Za mu bi na DraftKings. Mai jifa yana samun maki 2.25 a kan kowane zango da ya kammala, wato idan an fitar da masu bugu uku. Yana samun 2 a kan kowace kora, ma'ana ya sallami mai bugu da jifa uku da ya kasa, abin da shafukan alƙaluma ke rubutawa da harafin K. Nasara tana ba shi 4. Ana cire masa 2 a kan kowane ci da aka ɗora masa, wato idan abokin hamayya ya zagaya tashoshin fili ya dawo gida, da 0.6 a kan kowane bugu da ya kai mutum tasha, da 0.6 idan ya ba da tafiyar kyauta (jifa huɗu da suka kauce, mai bugu ya wuce tashar farko ba tare da bugu ba) ko ya jefi mai bugu a jiki.

Dubi waɗannan biyun. Na farko ya yi zango 6, ya kori mutum 9, an ci shi 3, an buga masa 6, ya ba da tafiyar kyauta 2, bai sami nasara ba. Makinsa 20.7. Na biyu ya yi zango 6, ya kori 3, an ci shi 1 kacal, an buga masa 5, tafiyar kyauta 1, kuma ya sami nasara. Makinsa 17.9. Ga mai kallo, na biyun ne ya yi wasa mai tsabta, amma a takardar maki na farko ya wuce shi duk da an fi dukansa. Saboda haka ne muke cewa kora ake saya. Ita ce abin da ke hannun mai jifa shi kaɗai, babu mai tsaron fili da zai ɓata masa, kuma ita ce ke cike ramin da ci ya haƙa.

Lambar farko da za ka nema a shafukan alƙaluma na FanGraphs ko Baseball Savant ita ce kason kora, K%, wato cikin masu bugu 100 da ya fuskanta nawa ya kora. Matsakaicin gasar yana wajen 22. Mai fara jifa yakan fuskanci mutum kamar 24 a wasa, to mai kaso 30 ana sa ran zai kori 7, maki 14 ke nan, mai kaso 18 kuwa 4 ne da 'yan kai, bai kai maki 9 ba. Tun kafin a jefa ƙwallon farko akwai tazarar maki kusan shida tsakaninsu. Daga nan ka cire kason tafiyar kyauta daga kason kora. Shafukan suna nuna shi a matsayin K-BB%. Wanda ya haura 20 gwani ne, wanda ke ƙasa da 10 sai da kwakkwaran dalili. Tafiyar kyauta tana cutarwa sau biyu: ga 0.6 da aka cire, ga jifa huɗu ko fiye da ya ƙona a banza, abin da ke sa koci ya cire shi da wuri.

Lambar da ta fi yaudarar sababbi ita ce ERA, matsakaicin cin da ake yi wa mai jifa a zango tara. Ita ce aka fi bugawa da manyan haruffa, amma a cikinta akwai ƙoƙarin masu tsaron fili da sa'ar inda ƙwallo ta faɗi. Ƙwallon da aka buga ta tsaya cikin fili, kusan uku cikin goma ne ke zama bugu mai amfani (wannan kason ake kira BABIP, ana rubuta shi .300), kuma yawancin masu jifa can suke komawa komai daɗewa. Idan ka ga wani yana da ERA 2.50 alhali BABIP ɗinsa yana .230 kuma ba ya kora, ƙwallaye ne ke faɗawa hannun abokansa, kuma ba su ɗauki alkawarin ci gaba da hakan ba. Ka kwatanta ERA da xFIP ko SIERA, waɗanda ke ƙoƙarin tace sa'a. Wanda ERA ɗinsa ya fi SIERA muni da ci guda ko fiye, sau da yawa shi ne kayan araha na wannan daren, domin jama'a sun guje shi farashinsa ya sauka. Kason kora yana fara faɗin gaskiya bayan masu bugu kamar 70, wasa uku ke nan, ERA kuwa ko rabin kaka ba ta ishe ta ba. A watan Afrilu ka fi jingina da alƙaluman bara.

Sai tsawon igiyar da koci ya ba shi. Mai fara jifa na yau da kullum yana yin jifa 90 zuwa 100. Wanda ya dawo daga rauni ko aka ɗauko daga ƙananan ƙungiyoyi akan tsayar da shi a 70 ko ƙasa, kuma doka ta ce sai ya cika zango 5 kafin a rubuta masa nasara. Ka duba adadin jifansa a wasanni uku na baya. Ka kuma lura da dabarar da Tampa Bay Rays suka yaɗa a 2018, ta sa ɗan canji ya buɗe wasa, ya yi zango ɗaya ko biyu ya fita. Sunansa zai fito a gurbin mai farawa da farashi mai sauƙi, amma makinsa ba ya zuwa ko'ina. Wata alama da ke riga ERA magana ita ce gudun ƙwallo: idan jifansa mai sauri ya ragu da mil biyu a awa a wasa biyu a jere, akwai abin da ke damun hannun, ka bar shi sai an gani.

Mai jifa ba shi kaɗai yake wasa ba, don haka ka dubi waɗanda zai fuskanta, kuma ka raba su da hannu. Masu bugu na hagu suna shan wahala a gaban bahagon mai jifa, suna sakewa a gaban na dama. Ƙungiyar da ake korarta kaso 26 a gaban na dama tana iya ɗaga matsakaicin mai jifa ya zama abin saye, wadda ake kora kaso 18 kuwa tana rage wa gwani armashi. Tarihin wani mai bugu da wani mai jifa, irin "ya buga 5 cikin 9 a kansa", ka wuce shi. Haɗuwa tara ba ta isa shaida ba.

Fili da yanayi su ne na ƙarshe, amma suna iya rushe duk lissafin baya. Coors Field da ke Denba yana kan tudu mai tsayin mita 1,600. Iska ba ta da kauri, ƙwallo na tafiya nesa, jifa mai lanƙwasa kuma ba ya lanƙwasa yadda ya saba. Ba ma sayen mai jifa a can. Oracle Park na San Faransisko akasin haka ne. A Wrigley Field na Shikago sai ka san inda iska ta dosa ranar: idan tana fita waje ranar masu bugu ce, idan tana shigowa ta masu jifa ce. Ruwan sama kuwa ya fi cutar mai jifa, domin idan aka tsayar da wasa kusan awa guda a tsakiya, da wuya koci ya mayar da shi. Idan aka ɗage wasan baki ɗaya, duk wanda ka ɗauka a ciki sifili ne. Filaye masu rufi, kamar na Toronto da Miyami, ba su da wannan fargabar.

Yanzu kuɗi. Idan ka sayi babban mai jifa a 10,000 da na tsakiya a 7,500, saura 32,500 ga mutum takwas, kamar 4,060 kowanne. Wannan rabon ya fi dacewa da yawancin darare. Manya biyu a lokaci guda suna barin ka da masu bugu na ƙasan jeri. Araha biyu kuma suna iya jefa ka ƙasa da sifili kafin ɗaya na dare. Kada kuma ka ɗauki mai bugun da zai fuskanci mai jifanka, domin abin da ɗaya ya samu daga aljihun ɗayan ya fito.

Masu bugu ba a tsintar su ɗai-ɗai. Ko gwanin gwanaye yana fita sau huɗu ya dawo hannu rabbana, ba abin mamaki ba ne a besbol. Dami ake ɗaurewa: mutum huɗu ko biyar daga ƙungiya ɗaya, masu bin juna a jerin bugu, a kan mai jifan da bincikenka ya nuna shi ne mafi rauni. Biyar ne iyakar da DraftKings ke yarda. Dalilin yana cikin maki. Bugun tasha ɗaya 3 ne, na biyu 5, na uku 8, wanda ya tsallake katanga 10. Tafiyar kyauta 2, kammala ci 2, shigo da wani gida 2, satar tasha 5. A ce naka na farko ya yi bugun tasha ɗaya, na biyu ya sami tafiyar kyauta, na uku ya tsallake katanga. Na ukun ya kwashi 18, na farko 5, na biyu 4. Maki 27 cikin minti biyar, kuma 8 daga ciki sun zo ne saboda suna bin juna. Mai jifan da ake nema a ɗaure wa dami shi ne wanda ba ya kora, yana yawan tafiyar kyauta, kuma ana ɗaga ƙwallonsa sama. Idan 'yan canjin ƙungiyarsa sun gaji daga wasannin jiya da shekaranjiya, faɗuwa ta zo daidai da zama.

A cikin damin, gurbi na ɗaya zuwa na biyar sun fi daraja, domin na farko yakan fita bugu sau huɗu zuwa biyar, na tara kuwa uku zuwa huɗu. Ɗan wasa mai dala 2,800 da aka ɗaga zuwa gurbi na biyu yau shi ne ke buɗe maka hanyar sayen babban mai jifa. Ƙungiyar da ta zo baƙunta tana da tabbacin bugu a zango tara. Mai gida idan tana gaba ba ta buga rabin zangon ƙarshe. A zauren mutum biyar ka bi zaɓi mafi aminci. Idan kun kai talatin, kowa zai ruga ƙungiya ɗaya, to dami na biyu mafi kyau shi zai raba ka da taro.

Agogon Zariya yana gaban na gabashin Amurka da awa biyar a lokacin kakar. Wasan 7:05 na yamma a can 12:05 na dare ne a nan, na gaɓar yamma kuwa sai bayan uku na dare. Ƙungiyoyi suna fitar da jerin bugunsu awa biyu zuwa huɗu kafin wasa, don haka na gabas suna fitowa tsakanin takwas da goma na dare. Ka yi binciken masu jifa bayan La'asar tunda an san su tun da rana, ka cika masu bugu bayan Isha'i, ka sake dubawa ƙarfe 11:30 saboda wanda aka cire a makare, musamman masu tare ƙwallo a bayan mai bugu, waɗanda ake yawan hutarwa. Ka cika cajin waya tun da wuta tana nan. 'Yan wasan gaɓar yamma jerinsu yakan fito bayan ka kwanta, to a can ka ɗauki waɗanda ke bugawa kullum kawai, ko ku yi yarjejeniya a zaure cewa an yarda a canza mutum muddin wasansa bai fara ba. Wanda kuwa ke da lacca ko kasuwa da sassafe, ya riƙe ranar Lahadi: yawancin wasanninta da rana ake bugawa a can, na farko suna farawa tsakanin shida da bakwai na yamma agogon nan, jerin kuma ya fito tun kafin La'asar ta yi sanyi.