Kurakuran da ake yi wajen bin tarihin tsohon gidan giya a Ingila

A ƙananan garuruwan Ingila akwai gidaje da dama da yau ake kwana a cikinsu, ko aka mayar da su shago, wasu ma masallaci, alhali a da giya ake sayarwa a ciki. Mai son sanin wa ya mallaki irin wannan gida, wa kuma ya riƙe lasisinsa, yakan yi tuntuɓe a wuraren da kusan kowa ke yi.

Wanda ya fi kowanne yawa shi ne ɗaukar mai lasisi a matsayin mai gida. Sunan da a da ake rubutawa a saman ƙofa na mai lasisi ne, kuma galibi ɗan haya ne kawai. Ginin na wani attajiri ne, ko na kamfanin giya. A shekarun 1880 da 1890 kamfanonin suka yi rububin sayen irin waɗannan gidaje, don kada a sayar da giyar kowa a ciki sai tasu. Shi ya sa za ka ga masu lasisi suna ta sauyawa gida na hannun kamfani ɗaya, ko kuma wani kamfani ya haɗiye wani, mallaka ta koma sabon hannu, mai lasisi bai ko motsa daga kujerarsa ba. Ka raba takardarka gida biyu tun farko: masu gida a gefe, masu lasisi a gefe. Rajistar da dokar lasisi ta 1872 ta wajabta wa magatakardan alƙalai masu ba da lasisi tana nuna sunayen duka biyun, haka ma kundin ƙiyasin filaye na 1910.

Sai masu ɓata lokaci suna laluben gidan a kundin alƙalai na shekarun 1840, in ba su gan shi ba su ce ai ba a buɗe shi ba tukuna. Mai yiwuwa an buɗe. Dokar 1830 ta ba duk mai biyan harajin gida damar sayen lasisi daga hukumar haraji a kan fam 2 da sule 2 a shekara, ya sayar da giya ban da barasa mai ƙarfi, ba tare da ya tsaya gaban alƙali ba. Kafin shekarar ta ƙare an ba da lasisi sama da 24,000. Sai a 1869 aka mayar da su ƙarƙashin alƙalai. Don haka na shekarun da ke tsakani, ka nufi takardun ƙidayar jama'a daga 1841, da kundin harajin gidaje, da jaridun gari, inda sunan mutum kan fito ranar da aka ci shi tara saboda buɗe ƙofa bayan lokaci.

Kundin adireshi na Kelly ma yana ruɗar mutane. Yakan rubuta sunan mutum da cewa mai sayar da giya ne, ba ya faɗin sunan gidan. In titi ɗaya na da uku, sai a laƙaba wa gida mutumin maƙwabta. Lambar gida ba abin dogaro ba ce, don an sha sake lambobi. Bi mai ƙidaya ƙofa-ƙofa, ka duba wa ke hagu wa ke dama, ka gwada da taswira.

Ana kuma mantawa da mata. A ƙidaya sai ka ga an rubuta maigidan maƙeri ne ko baduku, kai kuwa ka ce gidan ya daina sana'ar. Sau da yawa lasisi na sunansa, uwargida ce ke tsaye a kan ganguna. In ya rasu lasisi ya koma sunanta, in ta sake aure ya koma na sabon miji. Sabon suna a rajista ba kullum yake nufin sabon iyali ba. Duba kundin aure kafin ka yanke hukunci.

Game da rufewa, kada ka ɗauka karyewar jari ce. Dokar 1904 ta ba da damar rufe gidajen da aka ga sun yi yawa a unguwa, a biya diyya daga kuɗin da masu sana'ar suka tara, kuma ƙananan gidajen giya ne abin ya fi shafa. Ranar da aka ƙi sabunta lasisi daban take da ranar da aka biya diyya aka rufe ƙofa, tsakaninsu kan kai watanni. Ka rubuta duka biyun.