Yadda ake bitar kuɗin da gwamnati ke kashewa ba tare da an yi aikin baban giwa ba

Da zarar kason wata-wata daga asusun tarayya ya ja baya, sai ka ji an kafa kwamitin tsuke bakin aljihu. A ba su wata uku, a ba su ofis da alawus na zama, su fito da rahoto mai bango mai sheƙi, a ɗauki hoto da Gwamna, shi ke nan. Na zauna a irin waɗannan kwamitoci, na kuma ga yaran da muka ɗauka aiki a sashen kasafi suna faɗawa ramin da na faɗa. Saboda su nake wannan rubutu. Ba zan tsaya bayanin mene ne kasafi ba, ko bambancin kuɗin gudanarwa da na manyan ayyuka. Wanda bai san wannan ba, ba a kujerar bita ya kamata ya zauna ba.

Abu ɗaya dai zan raba tun da wuri, don ana yawan cakuɗa su. Aikin Odita shi ne ya tambaya ko an bi ƙa'ida wajen fitar da kuɗi. Mai bita tambayarsa daban ce: ko da an bi ƙa'ida sak, ya kamata a ci gaba da kashe wannan kuɗin a nan, ko akwai inda ya fi buƙatarsa? Idan ka shiga ma'aikata da fuskar mai neman ɓarawo, an rufe maka fayil ke nan har ka gama.

Matakin farko, kada ka ɗaga biro sai an ba ka adadi a rubuce. Nawa ake son a samo, zuwa yaushe, kuma me aka ce kada a taɓa. Takardar ta fito da sa hannun Gwamna ko amincewar majalisar zartarwa. Sa hannun Kwamishinan Kasafi kaɗai ba ya tsorata takwaransa na Ayyuka. A Birtaniya, lokacin da ministan kuɗi George Osborne ya gabatar da bitarsa a watan Oktoban 2010, kowa ya san tun kafin a fara cewa kuɗin kiwon lafiya da na agajin ƙasashen waje an keɓe su, don haka ba a ɓata lokaci ana jayayya a kansu ba. Mutanen Holan kuwa, da suka kafa rukunoni 20 a shekarar 2009, sun wajabta wa kowane rukuni ya kawo aƙalla hanya ɗaya da za ta rage kashi 20 cikin ɗari na kuɗin fanninsa. Ba wai lalle za a yanke kashi 20 ɗin ba. Hikimar ita ce kada wani ya zo da ragin takardar rubutu da ruwan roba ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa.

Kuma kada ka ɗauki fanni fiye da uku a shekara. Wannan doka ce a wurina. Kwamitin Stephen Oronsaye, tsohon shugaban ma'aikatan tarayya, ya ɗauki hukumomin tarayya 541 gaba ɗaya, ya miƙa rahotonsa a 2012, ya ce a rage waɗanda doka ta kafa daga 263 zuwa 161. Aiki ne mai kyau a takarda, amma ya taɓa tuwon kowa a rana ɗaya, kowace hukuma kuma tana da dokarta da masu kare ta a majalisa. A Fabrairun 2024 ma an sake jin shugaban ƙasa ya ba da umarnin a aiwatar da shi, shekara goma sha biyu ke nan. Zaɓi man janareta da motocin gwamnati, ko ciyar da makarantun kwana, ko tallafin taki. Abin da za ka iya bin diddiginsa har ƙasa.

Mataki na biyu shi ne inda na sha kunya, don haka a yi mini haƙuri in daɗe a kansa.

Karon farko da aka sa ni wannan aiki, littafin kasafin da majalisa ta amince da shi na ɗauka. Shi ne a kan teburin kowa, shi ne mai lambobi a jere. Muka kwashe makonni muna bin sa layi-layi da jan biro. Ga gyaran wata madatsar ruwa, muka soke. Ga ginin sabon ɗakin taro, muka soke. Ga sayen taraktoci, muka rage rabi. Muka tara jimla mai daɗin faɗa, na sa babbar riga, muka je gabatarwa. Akanta Janar, dattijo ne mai ƙarancin magana, ya bari sai da na kai ƙarshe, sannan ya cire tabarau ya ce, "Malam, wannan madatsar da ka soke, shekara nawa ke nan tana cikin kasafi?" Na ce ban duba ba. Ya ce, "To tun da nake kujerar nan ban taɓa sakar mata ko sisi ba. Kuɗin da ka ce ka samo mana, a wane asusu yake in je in ɗauko?" Ɗakin ya yi tsit. Wani daga baya ya yi tari don ya ɓoye dariya.

Ashe abin da muka yanke ba kuɗi ba ne, alkawari ne da dama ba a yi niyyar cikawa ba. Wuraren da kuɗi ke zuba da gaske kuwa ko kallonsu ba mu yi ba, domin a littafin ƙananan lambobi ne aka rubuta musu.

Saboda haka ka ja layi uku a gaban kowane abu: abin da aka amince, abin da aka saki, abin da aka biya. Ka yi haka na shekara uku a jere, shekara ɗaya tana iya yaudararka, musamman in ta zaɓe ce. Layi na uku kawai shi ne ma'auninka, daga shi ake lissafin kowane ragi. Alƙaluman daga ofishin Akanta Janar za ka karɓo su, ka gwada su da asusun shekara da Odita ya tantance. Yanzu ma aikin ya yi sauƙi, tun da shirin SFTAS na Bankin Duniya ya sa jihohi suka saba wallafa rahoton aiwatar da kasafi duk wata uku a intanet. Abin da ma'aikata ta turo maka da kanta, ka ajiye shi a gefe don kwatance kawai.

Ko layi na ukun ma bai gama faɗa maka gaskiya ba. Akwai abin da aka ci ba a biya ba: kuɗin wutar asibitoci da ya taru, bashin 'yan kwangilar da suka kawo hatsi makarantu, giratutin waɗanda suka yi ritaya. Idan ma'aikata ta nuna ta kashe kaɗan saboda ta ƙi biyan masu bin ta, wannan ba tattali ba ne, bashi ne ke jiran wanda zai gaje shi. Tambayi jerin basussukan, ka haɗa da lissafinka. Sannan akwai kuɗin da ake dunƙulewa wuri ɗaya a ƙarƙashin Ma'aikatar Kuɗi ko gidan gwamnati da sunan hidimomi na gama-gari. Nan ne za ka tarar da tafiye-tafiyen ma'aikatu goma da man motocinsu, alhali a layinsu na kansu kamar ba sa motsi. Sai ka warware dunƙulen, ka mayar wa kowa nasa.

Wannan warwarewa ba a kwamfuta ake yin ta ba. Ka je ɗakin ajiyar bauca, wato takardun shaidar biyan kuɗi. Namu wani ɗaki ne a bayan ofishin biya, taga ɗaya, fayiloli ɗaure da igiya an jera su har rufi, ƙurar hunturun shekaru ta kwanta a kai. Mai kula da ɗakin ya kusa ritaya, ba wanda ke tambayarsa komai sai makulli. Na gaishe shi, na ce Baba, man janareta nake nema. Bai duba rajista ba, ya miƙa hannu ya zaro ɗauri uku. A zaune a kan benci muka ga ana sayen dizal iri ɗaya a wata ɗaya da farashi daban-daban a ofisoshin da katanga ɗaya ta raba su, muka kuma ga ana zuba mai a janaretan da shi Baba ya ce an daɗe da ɗauke shi zuwa gyara. Kwana biyu a wannan ɗaki sun fi mini makonnin jan biro. Ka tafi da takunkumi da goro, duk biyun za su yi maka amfani.

Ka kuma gyara farashi kafin ka kwatanta shekaru. An cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024. Wanda ya ajiye kuɗin man 2022 kusa da na 2024 ya ce an yi almubazzaranci, ya nuna bai san garin da yake ba. Lita ake ƙirgawa, da buhu, da yawan ɗalibai, sannan a zo kan naira. Wani tarkon kuma shi ne kuɗin haɗin gwiwa. Abin da jiha ke zubawa don ta karɓi tallafin UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, in ka soke shi kana murna, ka jefar da kwatankwacinsa da zai zo daga Abuja.

Mataki na uku, waɗanda za su zauna. Babban sakataren ma'aikata ba ya shugabantar bitar ma'aikatarsa, ba a ba kura ajiyar nama. Amma kuma ba a yi babu mutanensa, su suka san inda ruwa ke yoyo. Mutum biyu daga ma'aikatar, biyu daga Kasafi da Kuɗi, shugaba daga waje, tsohon ma'aikaci da ba ya neman komai a wurin kowa ya fi. Ka ari dokar Holan: ba wanda ke da ikon hana a rubuta shawarar wani a rahoto, in ba ka yarda ba ka rubuta dalilinka a ƙasa. Batun ɗauko ƙwararru daga Legas ko Abuja kuwa, ni ban hana ba, amma na ga inda kuɗin otal ɗinsu ya kusa cinye abin da suka samo, kuma alƙaluman da suka yi aiki da su yaranmu ne suka haɗa musu. In dole ne, ɗauki mutum ɗaya ya koyar, ya tafi.

Na huɗu, tambayoyi. Kanada ce ta fi kowa tsara su, a bitar da gwamnatin Jean Chrétien ta fara a 1994, Paul Martin yana ministan kuɗi. Kowane shiri sai da ya amsa tambaya shida: yana amfanar jama'a har yanzu? Dole sai gwamnati ce za ta yi shi? Tarayya ce ko larduna? Za a iya miƙa wa 'yan kasuwa ko ƙungiyoyi? In zai ci gaba, ta yaya zai fi arha? Kuma bayan duk wannan, aljihu zai iya ɗauka? Sun rage guraben aiki kusan 45,000, kasafinsu ya daina giɓi a shekarar kuɗi ta 1997 zuwa 1998, larduna kuma sun ji a jikinsu, don an rage abin da ake tura musu. Tambayoyin suna aiki a ko'ina, sai dai ka sa ƙaramar hukuma a inda ya dace.

Ka shirya wa dabara ɗaya da kowace ma'aikata ta iya. Ka ce su kawo abin da za a rage, sai Lafiya ta kawo maganin mata masu ciki, Ilimi ta kawo abincin 'yan makarantar kwana. Sun san ba Gwamnan da zai sa hannu. Kada ka yi musu gardama. Ka karɓa, ka ce madalla, sannan ka ajiye naka jerin da ka samo daga ɗakin bauca kusa da nasu.

Albashi kowa na son ya fara da shi saboda labarin ma'aikatan bogi yana da daɗi a rediyo. Gaskiya akwai kuɗi a wurin, a Fabrairun 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta tarayya ta ce ta cire sunaye 23,846 bayan gwada jerin albashi da lambar BVN. To ka lura, a tebur aka fara gwadawar. Yi naka haka, ka ware sunayen da suka maimaitu da waɗanda shekarunsu suka wuce, su kaɗai za a kira. Kada ka tara tsofaffin 'yan fansho a rana a sakateriya kwana uku da sunan tantancewa.

Sauran ba wuya. Kowace shawara shafi ɗaya: abin da za a daina ko a canza, nawa za a samu a shekarar farko da ta biyu, nawa za a kashe kafin a samu, wa zai yi kuka. Haɗe hukumomi biyu yakan ci kuɗi a shekarar farko, ka faɗa. Zaɓi na majalisar zartarwa ne, ba naka ba. Ka gama kafin watan Yuli, domin abin da aka amince ya shiga iyakar kuɗin da za a rubuta wa kowace ma'aikata a sakular shirya kasafi. In sakula ta riga ka fita, rahotonka na kabad ne. Ka roƙa a bar wa ma'aikatar da ta yi ƙoƙari wani kaso na abin da ta samo, in ba haka ba baɗi ba mai buɗe maka ƙofa. Duk wata uku ka koma layinka na uku ka ga ko biyan ya ragu da gaske.

Layin da aka yanke shawarar kashewa kuma, a goge lambarsa gaba ɗaya daga jerin. Mun taɓa barin wani da 'yan kuɗi kaɗan don kada a ce mun yi rashin kunya. Ranar kare kasafi a majalisa wani ɗan kwamiti ya gan shi, ya ce wannan ai an manta da sifili ne, aka mayar masa da uku.