Yadda ake gane gizo-gizo mai tofi

Dangin gizo-gizo mai tofi, wanda ke kama abincinsa ta hanyar tofa masa danƙo, shi ake kira Scytodidae, kuma ƙarami ne. Nau'o'insa sun haura 200, kuma yawancinsu suna ƙarƙashin jinsin Scytodes. Masanin gizo-gizo John Blackwall ne ya sanya wa dangin suna a 1864. Wanda aka fi sani, Scytodes thoracica, tsawon jikinsa bai wuce milimita 3 zuwa 6 ba.

Da dare za ka neme shi, da tocila, a jikin bango ko bayan kayan ɗaki. Ba ya kafa yana don kama abinci, yawo yake yi a hankali. Ka kife masa kwalba, ka zura takarda a ƙasa. Kada ka sa hannu.

Sai ƙirga idanu. Ba sai ka sayi madubin bincike mai tsada ba, gilashin da ke ƙara girma sau 10 ya wadatar. Yawancin gizo-gizo idanu takwas gare su, shi kuwa shida, biyu-biyu a wuri uku.

To, a nan masu koyo suke faɗuwa. Da sun ga shida sai su ce an gama. Ai gizo-gizon Loxosceles na dangin Sicariidae, wanda cizonsa kan ruɓar da fata, shi ma haka idanunsa suke, don 'yan uwan juna ne na kusa. Saboda haka ka ɗaga kwalbar daidai idonka, ka dube shi ta gefe, ba ta sama ba. Gaban jikin mai tofi yana da doro, ya tashi sosai ta baya sannan ya gangaro wajen ido. Cikin doron nan ne manyan jakunkunan dafi da danƙo suke. Na Loxosceles a shafe yake, launin ƙasa, sau da yawa da tambari mai kama da goge. Ni hoton da aka ɗauka daga sama ba na ma kallonsa, domin doron ɓacewa yake yi.

Launi ya zo daga baya: na mai tofi ruwan ɗorawa ne mai ɗigon baƙi, ƙafafu sirara masu zobe-zobe. Mace kan riƙe ƙunshin ƙwanta da baki, amma Pholcidae, wani dangin gizo-gizo masu dogayen ƙafafu, su ma suna yin haka, kada ka dogara da wannan.

In kana son tabbaci, jefa masa ƙaramin ƙuda ka jira. Tofin ya fi ƙiftawar ido sauri, sai dai ka ga ƙudan ya manne a kwalba, zaren danƙo ya gitta shi hagu da dama.